Mandar da Barira Ta Jefa a Miya

Kalma uku malamin asibiti ya gaya wa Barira, ya kore ta, kuma abin da bai faɗa ba ne ya makantar da 'yarta.

Barira mai bandar kifi ce a wani ƙauye gabas da Kirikasamma. Mijinta ya rasu shekarar da aka gama yaƙin basasa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ramatu. Da hayaƙin tarwaɗa ta rene ta har shekara bakwai. Sai fuskar yarinyar ta fara kumbura, fitsarinta ya koma kalar shayi. Maƙwabta na tsokana, "Ramatu an yi kumatu, kifi ya karɓe ta!"

Barira ba ta yi dariya ba. Ta goya ta, nan kwalekwale nan ƙafa, har wani ɗakin shan magani kusa da Haɗeja. Malamin ya danna ƙafar yarinyar, wurin ya lotsa, ya ce ƙoda ce.

"Ban da gishiri."

"Malam, to me zan..."

"Baiwar Allah, ke kaɗai ce a layi?"

Bai auna jininta ba, bai ce a dawo ba.

Barira ta kwashe farin gishiri daga gidan kaf. Yarinya ta ƙi cin lami. Sai uwar ta sayo manda wajen fataken Barno tana jefawa a miya, tana dama mata kunun kanwa safe da yamma wai fitsari ya saki. A garinsu ba mai kiran manda gishiri. Magani ce ma a wurinsu.

Bayan kwana goma sha biyu, Ramatu ta ce kanta zai tsage. Da hantsi ta faɗi tana shure-shure, haƙora a datse. Da ta farfaɗo ta ce, "Inna, wa ya rufe ƙofa?" Suna tsakar gida, rana na dukansu.

Gani bai dawo ba, hannun dama ya shanye. Mutane suka ce farfaɗiya ce, a yawu ake ɗauka, suka daina sayen kifin Barira. Da ta mayar da yarinyar ɗakin shan magani, malamin ya ji zancen manda, ya daka mata tsawa gaban jama'a: "Ai manda gishiri ce! Ke kika kashe mata ido, jahila!" Ta yarda. Har yau haka take gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita.

Ku hukuma da kuka ɗauki malamin nan aiki, ku tasa ƙeyarsa zuwa ƙauyen nan. Ya tsaya ranar kasuwa ya faɗa da bakinsa cewa laifin nasa ne, kuma ciwon Ramatu ba a ɗaukarsa. Sannan ku sa yarinyar a mota zuwa Kano tun tana numfashi.