Man da Cima ta Tatso Daga Itace

A Gidan Jima, wani ƙauye da ke maƙale a gindin dutse gabas da Buza, an yi wata maginiyar tukwane da ake kira Cima. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta cika magana ba, amma in ta ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta kasa kunne, takan gaya maka ko za ta kai baɗi. Mijinta Barmo manomi ne, gonarsa ɗaya a kwari, jakinsa ɗaya, 'yarsu ɗaya, Saude.

A shekarar 1931, da fara ta cinye hatsin ƙasar Adar, Cima da Barmo suka ɗora wa jaki tukwane suka yi arewa, har bayan Ibohamane, inda Buzaye ke zaune da bisashensu. Su ba da tukunya ɗaya, a ba su ƙwaryar nono ɗaya, da haka suka kai ga damina. A can ne Cima ta ga wata tsohuwar Buzuwa tana wani aiki da ba ta taɓa gani ba. Ta binne ƙaramar tukunya a ƙasa, ta ɗora mata wata mai huda a gindi, ta cika ta saman da 'ya'yan kwartowa, wannan gunar daji mai ɗaci, ta liƙe ko'ina da laka, sannan ta kewaye ta da wuta. Da wuta ta mutu aka tone, sai ga baƙin mai mai kauri a tukunyar ƙasa, warinsa har cikin ƙwaƙwalwa. Da shi tsohuwar ke shafa wa raƙumin da ƙazwa ta kama. Cima ba ta jin Buzanci, tsohuwar ba ta jin Hausa. Da ido kawai aka yi karatun.

Da suka komo gida, takan haɗa kaɗan in akuyarta ta fara susa. Maƙwabta na toshe hanci suna dariya, har suka laƙaba mata Cima mai wari. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka.

Sai yaƙin Nasara ya zo. A bazarar 1942 esansi, wato man mota, ya ƙare, kamiyo mai ɗaukar kaya ya daina shigowa, duk wani kaya ya koma bayan dabba ko kan mutum. Wata ranar kasuwa gardi, dogarin gwamnati, ya sauka ƙofar mai gari Kalla da saƙo: nan da kwana arba'in za a kwashe hatsin da aka tara wa soja a kai Madawa. In akwai raƙuma, to. In babu, maza su ɗauka a ka, sawu uku.

Raƙuman garin goma sha ɗaya ne, kuma ƙazwa ta gama da su. Gashi ya zube, fata ta tsattsage kamar bakin tabki a rani, ko sirdi ba su iya riƙewa. Kwana arba'in kuwa daidai faɗuwar ruwan shuka ke nan. Kowa ya san abin da ke biyo bayan shekarar da maza suka bar gona da farkon damina, don ba a manta da yunwar shekarar fara ba.

Dattawa na zaune ƙarƙashin rumfa suna neman mafita, sai Cima ta zo ta durƙusa daga gefe.

"Ranka shi daɗe, a ba ni raƙumman ga, in gwada."

Kalla ya dube ta. "Ɗiyata, akuya daban, raƙumi daban. Wanga man naki, ko ludayi ukku ba ya kai. Ina kika ga kwartowar da za ta ishi raƙumi goma sha ɗaya?"

"Babu ta, Baba. Amma akwai icce."

Wani ya tuntsure da dariya, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga an tatsi itace ba. Kalla ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Wanda ruwa ya ci, ko takobi anka miƙa mai kamawa shikai. Tahi ki gwada."

Cima ba ta faɗi haka da ka ba. Ta sha lura da baƙin danƙon da ke taruwa a rufin madafa, kuma warinsa ɗaya da man tsohuwar. Ta ɗauki babbar randar ruwanta ta huda gindin, Barmo ya faskara mata busasshiyar aduwa ƙanana, ta cika, ta liƙe, aka kewaye da kara da kashin shanu. Rabin gari ya fito kallo. Wuta na yin ƙarfi sai aka ji tas! Randa ta tsage tun daga baki har gindi, harshen wuta ya faɗa ciki. Ta kai hannu za ta toshe da laka, wuta ta lashe mata damtse. Abin da aka tarar a ƙarshe toka ce fara fat.

'Yan kallo suka watse, kowa da abin da yake faɗi. Barmo ya shafa mata man shanu a ƙunar ya ce, "Ki bari hakanan, uwar Saude. Mu ɗauka ga kai, ba mu na farko ba."

"Mai gida, ba iccen ne ya ƙi ba, randar ce," in ji ta. "Iska ta samu ƙofa. In iska ta shiga, icce ci shikai da wuta shi zama toka. In ta rasa hanya, dahuwa shikai, shi yi gumi. Gumin nika so."

Washegari ta tafi gindin dutse ta haƙo jar laka. Ta tattara fasassun kasake ta daka su lilis, ta haɗa da ƙaiƙayin hatsi da kashin jaki, ta cuɗa. Da hannu ɗaya mai lafiya da ɗaya naɗe da tsumma ta gina tukwane huɗu, masu kaurin jiki da ƙaramin baki. Suka bushe a inuwa, ta gasa su. Kwana goma sha biyu sun tafi.

Wannan karon ba ta kira kowa ba. Ta zuba itacen aduwa, ta haɗa da ƙwallayen aduwar saboda maiƙonsu, ta fara da 'yar wuta kaɗan, sai da tukunya ta saba da zafi ta ƙara. Duk inda ta ga zaren hayaƙi yana tsira, ta danna masa ɗanyar laka. Tun hantsi har la'asar tana kewaya wutar. Da ƙasa ta huce suka tone ita da Barmo. A saman tukunyar ƙasa akwai wani jan ruwa mai tsami, ta tsiyaye shi. A ƙarƙashinsa ga baƙin mai kwance, ya kai ƙwarya guda. Tukunyar sama kuma cike da gawayi mai ƙara kamar ƙarfe.

Barmo ya tsoma tsinke ya ɗago, man ya biyo shi yana naɗewa. Sai ya ruga ƙofar mai gari da tsinken a hannu, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Daga ranar gari ya zama na Cima. Masu dariyar jiya su ne masu faskare, mata na tara ƙwallon aduwa, tukwane huɗu ba su huta ba. Aka gurfanar da raƙuma aka ɗaure, aka kankare ɓawon ƙazwa da tsingaro, aka wanke da ruwan toka, aka shafe su da man gauraye da man shanu. Raƙuma na ruri, mutane na tari, gari duk ya ɗauki wari. Bayan mako aka sake, bayan wani makon aka kuma. Susa ta tsaya. Sai ga sabon gashi yana tsirowa, laushi kamar na ɗan tsako.

Ranar da gardi ya dawo, raƙuma tara ne tsaye a fili da kayansu, biyun da suka rage suna kan murmurewa. Ya zagaya su, ya shafa wuyan ɗaya, ya sansana hannunsa ya yamutsa fuska, ya ce su tafi. Mutum uku kawai suka raka ayarin. Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka, kuma duk sauran mazan Gidan Jima suna gonakinsu da sungumi. Mata suka biyo Cima har bakin kwari suna guɗa, ita kuwa kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da kaka Kalla ya yanka mata fili a fadama, nata na kanta. Maƙeran Buza suka riƙa zuwa neman gawayinta, don sun ce ba ya tartsatsi kuma yana daɗewa. Masu raƙuma na zuwa daga Tamaske da goruna. Duk matar da ta zo koyo ba ta hana ta ba, sai dai ta ce ta fara da dakan kasko.

A 1948 wani likitan dabbobi, saurayi ɗan boko mai farin wando, ya zo daga Madawa a kan doki. Ya fiddo takarda ya ce, "Inna, gaya mini yadda kike yi in rubuta."

Cima ta dubi wandon, ta dubi takardar, ta kira shi yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci. "Mushe, ba a faɗinai da baki. Aje wagga, ga gatari."

Ya yi kwana uku a garin. Ya tafi da gora biyu na mai, da tukunya ɗaya a ɗaure bayan sirdi, wandon kuwa bai sake yin fari ba.