Muryar Ƙanena a Cikin Kiɗan Jita

Ƙanena mai kilishi ne. Rumfarsa tana unguwar Mabera, bayan wani layin shaguna, inda rana take samun fili ta bugi nama tun daga hantsi har la'asar. Ni kuma mahauci ne, ɗanyen nama nake sayarwa a kasuwa, kamar yadda mahaifinmu ya yi. Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai a gidanmu ya tashi da son kiɗan da ake kira rok, wato na jitar lantarki da ganguna masu ƙarfi. Bara ya rasu, bayan ya kwanta kwana huɗu da zazzaɓi. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, Bappa ya kira ni zauren gidanmu na Ƙofar Dundaye. Bappa ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babban da ya rage mana. Ya zaro wayar mamacin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ce, "Wagga waya cike take da kiɗa, kowa ya sani. Kahin a sa ta cikin kayan gado, ka goge duk wata waƙa da ke ciki. Wanda duk ya saurara bayan shi, mamacin za a rubuta ma zunubin. Yaron ga shina kabari, ba shi iya tasowa shi goge da hannu nai."

Na ce to. Ba don in rabu da shi na faɗa ba. Ni ma a kan haka na tashi, kuma na ga an yi wa mamata da yawa haka. Bappa ya ce in gama kafin sadakar bakwai.

Washegari da safe na tafi rumfar. A rufe take, gadajen karan da yake shanya nama an jingine su a bango. Na zauna a bencinsa na buɗe wayar da lambar da matarsa ta faɗa mini ta bayan labule, domin tana takaba. Na tarar da wuri biyu a ciki. Ɗaya na albam-albam ne, wato tarin waƙoƙi takwas ko goma da makaɗa suke fitarwa lokaci guda. Ɗayan kuma ya sa masa suna hira. Ban san da shi ba. Na buɗe shi, na taɓa hirar farko.

Kiɗa ya tashi, sai ƙarar wuƙa a kan katako, sai muryarsa.

Ban iya ci gaba ba a lokacin. Na kashe, na zauna na wani lokaci ina kallon titi. Daga baya na sake kunnawa.

Ashe yana da aboki, direban motar shanu da ke zuwa daga Ƙonni, wanda yake kawo masa sababbin albam a memori, ɗan katin nan da ake sawa a waya. In ya karɓa, sai ya kunna a 'yar sifikarsa, ya ɗauki cinyar saniya ya fara feɗe ta siriri, ya aje waya a gefe tana naɗar murya, yana faɗa wa abokin abin da ya ji. Aikin kilishi aiki ne na zama wuri ɗaya. Cinya guda takan ci masa tsawon albam guda, shi ya sa ba ya tsallake waƙa. Daga farko yake ɗaukowa har ƙarshe, ko da wata ba ta yi masa ba.

Hirar farko a kan wasu Buzaye ce daga arewacin Nijar. Albam ɗinsu bai daɗe da fitowa ba a lokacin.

"Aboki, saurara nan," in ji shi. "Ka ji mai jitar ga? Ba shi gaggawa. Shina zagaya wuri guda awa mai laluben gaɓa, sai ya same ta kana shi sa wuƙa. Yaran yanzu sara sukai, su hwasa ƙashi su ɓata nama. Wanga ko mahauci na."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya ce abokin ya bar jitar da ke kuka a sama, ya kasa kunne ga ɗayar jitar, mai ƙatuwar muryar da ke ƙasa, domin ita ce ƙashin baya, in babu ita duk sauran zubewa za su yi. Da aka zo waƙa ta uku ya ce wannan kitse ce, da shi ne da ya yanke ta ya yar. Amma bai wuce ta ba, ya bar ta ta ƙare. Da aka zo ta ƙarshe, wuƙar ta tsaya. Waƙar doguwa ce, ta fara a hankali kamar tafiyar raƙumi, tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ganga ta kama gudu. Haka ta tafi har ta ƙare. Sai ya ja numfashi ya ce, "Kai. Allah ya yi ma mutanen ga baiwa."

Na san wannan kiɗan. Sau da yawa nakan kawo masa nama in tarar da shi yana tashi. Ina ce masa, "Auta, ka kashe injin niƙan ga mu gaisa." Shi kuma ya ce, "Yaya, kunnenka ya saba da kukan shanu, ba laihinka ba na." Wata rana ya riƙe mini makullin babur ya ce ba ni tafiya sai na ji waƙa ɗaya tak. Na zauna ina duba agogo. Da ta ƙare ya ce yaya na ji, na ce na ji kamar an kifar da tire a gidan biki. Ya miƙo mini makullin yana girgiza kai, ya ƙara mini da kilishi a takarda.

Yanzu da nake zaune a bencinsa, shi yana nuna mini inda zan sa kunne, sai na ji abin da yake ji. Mai jitar nan da gaske ba ya gaggawa. Ni da na yi shekaru ina neman gaɓa da bakin wuƙa, na gane abin da hannunsa yake yi.

Hira ta biyu a kan mutanen nan ce dai, amma albam ɗin da suka je ƙasar Turawa suka naɗa. Wannan bai gamsar da shi sosai ba. Ya ce an wanke kiɗan ya yi yawa, nama kuwa in ya sha wanki ɗanɗanonsa ruwa yake bi. A na farkon, ya ce, kana jin tafin mata da ƙarar janareta daga nesa, ka san a tsakar gida aka yi, mutane na zaune. A wannan kuwa kamar an shiga asibiti. Duk da haka bai hana su haƙƙinsu ba. Ya ce sabon mai gangar da suka ɗauka ya fi tsohon, hannunsa na da nauyi amma ba ya danne kowa, kuma waƙa ta biyar ita kaɗai ta isa a yafe musu sauran.

Akwai wata a kan wasu Turawa, mace ce take musu waƙa. Ƙanena bai wuce firamare ba, kamar ni, Turancinsa na ciniki ne. Ya ce, "Ban san mi taka cewa ba, aboki, amma ba murna takai ba. Ka ji yadda taka riƙe murya awa mai ɗauke da ruwa cike da kwano? Jira ka ji inda za ta sake shi." Da wurin ya zo, jitoci suka faɗo gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano, ya buga katako da ƙotar wuƙa ya ce, "Ka ji ko!" Abin da ya kushe musu kawai tsawo. Ya ce da sun rage waƙa biyu da babu albam kamar nasu a shekarar.

Ana cikin haka muryar wata mata ta shigo, mai sayen kilishi.

"Mai kilishi, wagga hayaniya hwa? Na ɗauka walda akai nan."

"Hajiya, ita ka sa naman shi yi taushi. In na kashe, sai kin ji shi awa takalmi."

"To ƙara ƙarar, na jiya ya kusa cire min haƙori."

Suka yi dariya tare. Ni ma na yi, ni kaɗai a rumfa, sannan na share fuskata da hula.

A nan abin ya tsaya mini. Albam ɗin ba su da wuyar gogewa. Amma hirarrakin, murya da kiɗa a haɗe suke. Kuma ba mu da muryarsa a wani wuri. A gida ba ya tura saƙon murya, kira yake yi ko ya hau babur ya zo. Hotuna akwai, amma Inna, mahaifiyarmu, yanar ido ta rufe mata gani shekara biyu ke nan, hoto ba ya mata amfani. In na goge, ita da autanta shi ke nan sai a lahira. In na bari, ina tsoron in zama ni ne nake ɗora masa kaya a inda ba ya iya saukewa.

Na kai wayar wurin wani mai gyaran waya a unguwar Gidan Dare, wanda aka ce yana da na'urar da ke raba murya da kiɗa. Mutumin kirki ne. Da na faɗa masa dalili, ya ajiye aikin da ke hannunsa ya zauna a kan nawa. Bayan wani lokaci ya miƙo mini abin sawa a kunne. Kiɗan ya tafi, gaskiya ne. Amma ƙarar wuƙar ma ta tafi, muryar kuma ta koma siririya tana rawa, kamar mai magana daga cikin randa. Kalmomin nasa ne, mutumin ba shi ba ne. Mai gyaran ya gwada sau uku. Na yi masa godiya na ce ya bar shi.

A gabansa na goge albam ɗin duka. Kafin in danna na tsaya kaɗan, domin na san shekarun da aka yi ana tara su, mota bayan mota. Sannan na danna. Hirarrakin kuma na sa ya kwashe mini su a wani memori daban, wayar ta zama wankakkiya, yadda za a iya ba magada.

Rana ta shida na sami Bappa a zaure bayan azahar. Na ajiye wayar, na ajiye memorin kusa da ita.

"Ka goge?"

"Na goge waƙoƙin, Bappa. Saura inda shika magana."

"Da kiɗa ciki?"

"Da kiɗa ciki. An gwada rabawa, ba su rabuwa."

Na ce ko in kunna masa ɗaya ya ji irin maganar. Ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan da bai kai farce ba. Bappa ba mutum ne mai tsanani don son tsanani ba. Shi ya koya wa ƙanena riƙon wuƙa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ya ce, "In na ce ka bari, mi zan ce ranar da anka tambaye ni? In na ce ka goge, da wane baki zan gaida uwa tai?"



Can ya tura mini memorin da yatsa. "Kai mata. Ta hi mu haƙƙi bisa shi. Ka hwaɗa mata komi, kar ka rage. Abin da ta ce shi za a yi. Amma ko ta ce a bari, ba shi hita gidan ga, ba ka tura ma kowa."

Na shiga wurin Inna bayan la'asar. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, ta rame a kwana shidan nan. Na gaishe ta na zauna a bakin ƙofa. Na faɗa mata komai, har da tsoron da Bappa yake ji, wanda ni ma nake ji. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Zagin wani shikai ciki?"

"A'a, Inna."

"Batsa?"

"Babu. Hirar kiɗa ce da nama."

Ta ɗan yi murmushi. "Shi dai bai san wata hira ba." Ta ja carbi biyu ko uku. "Sa in ji."

Na sa memorin a wayata na kunna ta Buzayen. Jita ta fara. Inna ta ɗan ɗaure fuska. Sai wuƙar ta shigo, sai ya ce, "Aboki, saurara nan." Carbin ya tsaya a hannunta. Ta miƙo ɗaya hannun tana lalube, na sa mata wayar a ciki, ta kai ta kusa da kunne.

Ta ji ya yabi mai jitar, ta ji ya yi dariya. Da ganga ta ƙara ƙarfi, ta matso da kai.

"Rage kiɗan ga in ji shi da kyau."

"Ba shi raguwa, Inna. In na rage, har shi za ya ragu."

Waƙar da ya kira kitse tana tafiya, yana ta mita a kanta.

Ta ce, "To bar shi hakanan. Kar ka goge min ɗa. Duk sadda na ji, ni ka nema mai gahwara, kahin da bayan. Ka ce ma Bappanku na ɗauki nauyin bisa kaina."

Na ce to, Inna. Ta gyara zama ta jingina da bango, wayar a kunne, leɓunanta suna motsi da istigfari. Na tashi a hankali na fita zaure in kai wa Bappa saƙon.