Hannun Hagun 'Yar Gyara

Gardamar farko da Bahaguwa ta yi a duniya kayar da ita aka yi, kuma a gaban jama'a. Tana ƙarama a lokacin, a hannun gwaggonta. Aka wayi gari an zana ƙaton kwaɗo da gawayi a bangon tsakar gida, kwaɗon da tabarau, ga tumbi, ga ɗan gemu irin na mijin Gwaggo sak. Duk wanda ya shigo sai ya dubi bango, ya dubi Kawu, tari ya kama shi.

Gwaggo ta jera yaran gidan. Bahaguwa ta fi kowa rantsuwa.

"Wallahi Gwaggo ba ni ba ce. Ni ko inda ake ajiye gawayi ban sani ba."

"To madalla. Miƙo hannu."

Ta miƙa na dama, tas da shi.

"Ɗayan fa? Ko kin ba da aronsa?"

Gefen hannun hagu baƙi ƙirin, tun daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu, don duk inda ta ja layi hannun na bin baya yana shafa.

"Faɗuwa na yi," in ji ta.

"A kan bango kika faɗi? Har kika sa wa kwaɗo tabarau kina faɗuwa?"

Ranar ta wanke bango tana kuka. Kawu, bawan Allah, tsayawa ya yi a kanta yana cewa shi bai ga laifin gemun ba, tumbin ne aka yi masa ƙari.

Daga nan Gwaggo ta ɗaura yaƙi da hannun. Ta sa masa safa ta ɗaure da zare, malamin aji ya taya ta da rula. Abin da aka samu bayan shekaru shi ne yarinya mai rubutu da dama, rubutun kamar tsutsa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya, mai zane kuma da hagu, zanen da in ta yi maka fuskarka sai ka ji kunyar kanka.

Da ta girma ta kama aiki a shagon buga kati da allunan talla. Can ta koyi kwamfuta. Kullum da safe ta ɗauke linzamin kwamfutar, wato maus, ta mayar hagu, kullum da yamma mai shagon ya mayar da shi dama, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa uffan har ta bar wurin. Ta auri wani mai gyaran wuta, mutum mai sanyi, wanda ya ce shi ba ruwansa da hannun da take aiki da shi, roƙonsa ɗaya kada ta mare shi da na hagu, don ba ta nan yake tsammani ba.

Aikin da ya zaunar da ita a wani ɗaki ne a saman kantin magani, ɗaki mai fanka mai ƙara da taga guda. Su uku ne, suna yin 'yan fina-finan zane da yara ke kallo a waya da a makaranta. Ita ke zana jiki da fuska a kan allon roba, zanen na fitowa a kwamfuta. In ta gama ta tura wa Dogo, mai launi, wanda tsawonsa ya fi zuciyarsa nesa ba kusa ba. Shi kuma ya tura wa mai sa motsi, wani saurayi mai gyaran kwala da ya naɗa kansa Manaja ba wanda ya zaɓe shi. Aikin falle-falle ake yinsa, kamar a ɗora takardu masu shara-shara wata kan wata: layinta a falle guda, launin Dogo a nasa, inuwa a nata. Dokar ɗakin ɗaya ce, ba mai taɓa fallen wani. In hancin da ta zana bai yi maka ba, ka buɗe baki ka faɗa, ka sha abin da za ka sha.

A haka suka haifi 'Yar Gyara, yarinyar da ke gyara duk abin da ya lalace a unguwarsu, daga rediyo har keke. Bahaguwa ta ba ta wushirya da ido mai rainin wayo. Dogo ya ba ta riga ruwan ɗorawa mai ɗigon baƙin mai a ƙirji, ya manna mata filasta a gwiwar dama, ya yi ta fama da hasken da ke sauka a kumatunta har matarsa ta fara tambaya wace ce. Manaja ya ba ta tafiya, tafiyar ƙanwarsa ce ya sato, wani irin taku mai jefa kafaɗa kamar an aike ta ba ta so. Ba wanda cikinsu zai ce yarinyar tasa ce shi kaɗai. Sifana kuwa a hannun hagu take riƙe da shi tun zanen farko, kuma ba wanda ya lura, har ita mai zanen. Hannunta ne ya zana abin da ya sani.

Wadda ta lura Hajiya ce, mai makarantar da ke karɓar aikinsu. Manaja ya kai mata ta gani, ta ga yarinya tana ɗaure ƙusa da hagu, tana rubuta lamba da hagu, ta ce a gyara. Shi kuma da ya dawo bai gaya wa kowa ba. Akwai maɓalli guda a kwamfuta da ke juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Ya danna shi a kan dukan fallayen, ya gyara kwala, ya tafi gida.

Da safe Bahaguwa ta buɗe fayil, ta ƙura wa allo ido. Jikinta ya ba ta tun kafin idonta ya gano. Yarinyar na nan da wushiryarta, amma kamar 'yar maƙwabta ce ta sa kayanta.

"Dogo, zo nan. A wace gwiwa ka sa filasta?"

Dogo ya leƙo, ya lanƙwasa wuya. "Dama, Yaya."

"Yanzu fa?"

"Ikon Allah. Ciwon ya tashi ya koma ɗaya ƙafar." Ya ƙara dubawa, murya ta canja. "Kai, har haskena! Ta taga na kawo shi, yanzu ta bango yake shigowa."

Manaja ya shigo yana sallama, ba wanda ya amsa da daɗi.

"Yaya, kada ki ɗaga murya, ƙaramin abu ne. Ban goge layinki ko ɗaya ba. Juyawa kawai na yi."

"Juyawa kawai. In na juya maka kai ya dubi baya, ban cire maka komai ba, ko?"

"Hajiya ce ta ce iyaye za su yi magana. In ta fasa karɓa, wa zai kalli yarinyar? Ke da Dogo?"

"Ni ban ce komai ba," in ji Dogo, ya koma kujerarsa ya shiga goge tabarau.

Gaskiyar Manaja ce ta wani gefen, kuma ta san haka, abin da ya ƙara mata haushi ke nan. Ba makaranta, ba masu kallo. Amma ta dubi hannun yarinyar a allo, an ɗauke masa sifana an bar shi yana reto, sai ta ji nata yana tsami. Ta zare wayar allon zanenta, ta naɗe, ta sa a jaka.

"Wannan da ka juya ban san ta ba, ba kuma zan ƙara mata layi ko ɗaya ba. Ka nemo mai zana maka ita."

"Yaya, wa zai iya fuskar nan in ba ke ba?"

"To ka mayar mata da hannunta."

"Sai dai ki je ki gaya wa Hajiya da bakinki."

Ya faɗa ne don ya tsorata ta. Maza kan yi wannan kuskuren. Kafin ya rufe baki ta kai ƙofa, ya bi ta da gudu, Dogo ya biyo su daga nesa don kada a ce da shi aka je, kada kuma labari ya wuce shi.

Ofishin Hajiya mai sanyi ne, ga kofunan gasa a jere, ga hoton wata akuya mai tuƙa mota a bango, fim ɗin da suka yi mata a baya, wanda yara suka haddace. Hajiya mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda ba a saba ce musu a'a ba. Ta saurara, ta yi murmushi.

"'Yata, ba ƙin aikinku na yi ba. Yarinyar ta yi kyau. Hannu kawai za a sauya."

"Ranki ya daɗe, ba ajin da za ki shiga a makarantar nan ki rasa yaro ɗaya da ke ɓoye hannu a ƙarƙashin tebur in malami ya matso."

"Na sani. Muna kan gyara su."

"Ba su lalace ba, Hajiya."

Manaja ya taka mata ƙafa. Ta janye ƙafar, ta taka tasa da kyau.

Hajiya ta ajiye biro. Murmushin ya ragu. "Ke ba ki san iyaye ba. Yara kwaikwayo gare su, abin da suka gani a allo shi suke yi. Gobe in 'ya'yan mutane suka koma gida suka kama cokali da hagu, ni za a zo wa. Me zan ce musu?"

Amsar da Bahaguwa ta ba ta ita ce ta rufe zancen. Hajiya na jin amsar, dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur, kuma har yau 'Yar Gyara da hagu take ɗaure ƙusa, filastarta a gwiwar dama. Bahaguwa ba ta ko ɗaga murya ba. Yatsa ta miƙa ta nuna hoton da ke bango.

"Hajiya, wannan akuyar zango guda suka yi suna kallonta, kullum sai ta cinye kwali a gabansu. Iyaye nawa suka kawo miki ƙara cewa ɗansu ya fara cin kwali?"