Uwar Kumfa da Injin Wankinta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe sha ɗaya saura kwata, na fara ganin matar da ma'aikatan kantinmu suka laƙaba wa suna Uwar Kumfa. A lokacin shekarata goma sha tara ina riƙe da teburin garanti a kantin sayar da kayan lantarki. Teburin yana can ƙarshen kantin, bayan jerin firij, dab da ƙofar sito. Aikina in cike wa mai saye takarda, in buga hatimi, in buɗe fayil idan kaya ya lalace. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama kuskure a fayil ɗina ba.

Muryarta na fara ji kafin in gan ta. Gajeriya ce, kakkaura, bayan hannayenta duk sun yi kaushi saboda sabulu. Tana bin injinan wanki ɗaya bayan ɗaya tana dukansu da tafin hannu, tana tambaya wanne ne zai ɗauki barguna sau shida a rana bai yi tari ba. Mai sayarwa, wanda muke kira Zuma saboda daɗin bakinsa, ya sayar mata da injin, ya kuma cika mata kunne da labarin ƙarin garanti na shekara uku. Yana da kamasho a kan kowace takarda.

Da ta iso teburina na juya mata takardar, na ɗora alƙalami a kan sharaɗi na tara.

“Baiwar Allah, wannan garantin na injin gida ne. Idan sana'a za ki yi da shi, ba ruwan kamfani. Shawarata, kada ki saya. Ki ajiye kuɗinki saboda gyara.”

Ta kalle ni daga hula har takalmi.

“Wa ya ce maka sana'a nake yi? Ko kai kake kawo min wankin?”

“Na ji kina maganar barguna sau shida.”

“Yarana ne ke fitsarin kwance. Ka rubuta wannan ma, tunda kunnenka ya fi alƙalaminka aiki.”

Zuma ya ƙyalƙyale da dariya. Na rubuta “amfanin gida”, ta sa hannu, na buga hatimi.

Bayan wata bakwai bel ɗin injin ya tsinke. Irin wannan injin yana ƙirga wankin da ya yi. Mai gyara kan danna maɓalli biyu sai adadin ya fito. Mai gyaranmu ya je gidanta, ya dawo ya miƙo mini ƙaramar takarda: dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Gidan mutum goma ma ba ya kai rabin haka. Ka'ida ita ce in rubuta adadin a fom, in rufe fayil, kamfani ba zai gyara ba.

Ta zo da safe, ta ja kujera ta zauna. Ta zagi kamfani, ta zagi Zuma, ta tare masu saye biyu ta ce musu kada su yarda da takardar kantin nan. Har bayan azahar ba ta motsa ba. Da ta ga ihu bai yi ba sai ta sauke murya, ta ce akwai zannuwan gado arba'in jiƙe a baho, idan suka yi wari ta rasa masu ba ta aiki. Ba zan ce tausayi kaɗai ne ba. Na gaji da ita. Na ɗauki alƙalami na rubuta ɗari da arba'in, na bar dubun. Ban san ta iya karanta rubutu daga ɗaya gefen tebur ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ko na gode ba ta ce ba.

Daga ranar na zama yaronta. Famfon fitar da ruwa ya mutu a watan Janairu. Ƙofa ta ƙi kulluwa a watan Mayu. Bel ya sake tsinkewa a watan Agusta. Kowane zuwa sai ta jingina da teburina ta ce, “Akawu, ka san yadda ake yi.” Ni kuma in rage adadi, domin ƙarya ta biyu dole ta dace da ta farko. Mai gyara ba ya ganin fom, takardarsa kawai yake miƙowa, ni kuwa ina zuba su a aljihun tebur. Ban iya yaga takarda ba.

A watan Nuwamba tukunyar injin ta tsage. Sharaɗi na sha biyu ya ce idan gyara ya gagara a ba da sabo, amma sai babban ofis ya turo mai bincike ya duba tsohon da idonsa. Ranar Asabar na nemi gidanta da adireshin da ke fayil.

Ɗaki biyu ne da tsakar gida da ba ta fi taku takwas ba. Igiyoyi bakwai ta ɗaura daga bango zuwa bango, sai da na sunkuya na bi ta ƙarƙashin zannuwan wani masaukin baƙi da rigunan ma'aikatan gidan abinci. Injin yana bakin banɗaki a kan bulo huɗu, an ɗaure ƙofarsa da roba. Ba ta nan. Mahaifiyarta na tarar, tsohuwa mai idon da ya fara fari, tana ninke tawul a kan tabarma. Ita ta ba ni labari ban tambaya ba. 'Yarta ta yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin wanki na wani otal, aka kawo manyan injina aka sallame su. Da kuɗin sallamar ta sayi wannan. Mijinta direba ne, ya tafi da kaya wata shekara bai dawo ba, an ce ya yi wani gida a can. Yara huɗu suna makaranta.

“Tun tana ƙarama haka take, ɗana,” in ji tsohuwar. “Idan ta riƙe abu, sai dai a yanke hannun.”

Muna cikin haka ta shigo da ƙunshin wanki a ka.

“A'a, Akawu da kansa! Ka zo ƙirga min igiya?”

Na ce mata ta janye neman sabon inji. Na ce mai bincike zai danna maɓallin nan, zai ga abin da ban rubuta ba, aikina zai tafi. Na ce zan haɗa ta da mai gyara a waje, in ma taimaka da wani abu daga albashina.

Ta sauke ƙunshin a hankali.

“Shekara uku na biya, shekara uku zan ci. Ni na riƙe maka alƙalami? Ka je ka san yadda za ka yi da mai bincikenka. In ba haka ba ni zan shiga wurin Manaja in gaya masa wanda ke cinye lambobi.”

“Ni fa na ce kada ki saya.”

“Ka ce. Ka kuma buga hatimi.”

Tsohuwar ta ce, “Ke, ki ji tsoron Allah, baƙonki ne.” Ko waiwaya ba ta yi ba.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na riga ta shiga ofishin Manaja. Na shimfiɗa masa fom huɗu, na jera takardun mai gyara a gefensu, kowace da ranarta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai ne? Da wani ne ban yi mamaki ba.” Wannan maganar ta fi mini zafi a kan duk abin da ya biyo baya. Aka soke garantinta. Ni kuma, saboda daɗewata, ba a kore ni ba. Aka rage mini matsayi, aka mayar da ni sito ina ƙirga kwali.

Ta zo ranar Laraba. Ina jin ta daga cikin sito tana kirana munafuki, tana cewa na ci amanar marayu, alhali uban yaran yana raye. Masu gadi biyu ne suka fitar da ita. Zuma bai rasa ko sisi daga kamashonsa ba.

Shekara shida ke nan. Uwar Kumfa ta yi wata uku tana wanki da hannu, sannan ta sayi tsohon inji a wurin masu gwanjo. Yanzu tana da shago a bakin titin da nake bi zuwa aiki, da injina huɗu, duka na gwanjo, da mata biyu masu guga. Mahaifiyarta ta rasu bara. Babbar 'yar Uwar Kumfa ce ke karɓar kaya a teburin shagon. Ita kuwa tana zaune a ƙofa a kan kujerar roba, ta ƙara ƙiba, tana faɗa da mai kawo ruwa. Idan na wuce ba ta gaishe ni, ni ma ba na gaishe ta.