Karen Baffa da Dokar Gidana

A lokacin da wannan abu ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a Dutse, ina zaune a Yalwawa da matata da 'ya'yanmu, a gidan da na gina bayan na daɗe ina haya. Ni ɗan ruga ne, a ƙasar Ringim aka haife ni, kuma ni ne ɗan fari a wurin mahaifina da muke kira Baffa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ɗauki kaina wayayye, ba na son duk abin da zai tuna wa maƙwabta inda na fito. Na shimfiɗa wa gidana dokoki. Ba a shiga falo da takalmi, ba a shanya a kan katanga, kajin matata ba sa wuce bayan gida inda akurkinsu yake. Babbar dokar kuwa, kare ba ya taka mini ƙofa. Na rubuto muku ne ko wani zai karanta ya tsira daga abin da na jawo wa kaina.

Bayan rasuwar Innarmu cutar yanar ido ta fara rufe idanun Baffa. Yana da wani jan kare mai yankakken kunne da ya girma cikin garke, kuma da ganinsa ya ragu karen ne ke shiga gaba in zai je rijiya ko wurin shanu, yana tafe yana waiwaye, Baffa na bin motsinsa. Ni na matsa a kawo shi Dutse a yi masa aikin ido. Ranar da ƙanena ya kawo shi a bayan a-kori-kura, kafin Baffa ya sauko karen ya diro. Maƙwabcina da muke sahu ɗaya a masallaci yana zaune a ƙofar gidansa, ya yi dariya ya ce ashe rugar ce gaba ɗaya ta biyo ni birni, ya tambaye ni ko ya matsar da motarsa don shanun su sami wurin kwana. Wasa yake yi, na sani, amma maganar ta shige ni.

Na ja ƙanena gefe na ce ya koma da karen, na ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da kare yake. Ya ce Yaya ka yi haƙuri, tsohon nan ko barci ba ya iyawa in bai ji numfashinsa kusa ba, kuma ai kai ma da kare ka yi kiwo. Da ƙyar na yarda a ɗaure shi a gindin darbejiyar bayan gida, kusa da akurki, na kuma hana a zuba masa abinci a kowane kwanon gidan. Da matata ta samo wata fasasshiyar roba tana sa masa ɗumame, ita ma na yi mata faɗa, na ce in ya saba da ƙoshi ba zai tafi ba. Sai Baffa ya koma rage tuwonsa. Na sha ganinsa ya dunƙule loma a hannu, yana dafa bango yana lalube har bayan gida. Nakan kau da kai.

A nan laifina ya fi muni. A wurinmu uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya jan magana da shi, balle ya roƙe shi wani abu. In Baffa zai ambace ni, mai gidan nan yake cewa. Na san ko me na yi ba zai buɗe baki ya ce mini don me ba, sai na mai da shirunsa izini.

Wata safiya uwar kaji ta kai 'yan tsakinta kiwo har gindin darbejiyar, karen da yunwa ta ci ƙarfinsa ya kama ta. Wannan kare ne da ya girma cikin kaji da zabi bai taɓa ko ɗaya ba. Matata ta binne gashin da sauri, ta ce don Allah kada Baffa ya ji, kaza ce kawai, Allah zai kawo wata. Kajin nata ne, ita ta yafe, amma ni a raina daɗi na ji don na sami hujja. Washegari da ta raka Baffa asibiti gwajin da ake yi kafin aiki, na kira wasu samari 'yan farauta na kwance karen na ba su. Har suka sha kwana yana turjewa yana kallon ƙofar gidan.

Da matata da Baffa suka dawo na ce karen ya tsinke igiya ya gudu. Baffa ya ce wa matata ta miƙo masa igiyar. Ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, lafiyarta ƙalau babu inda ta tsinke. Ya naɗe ta ya sa a aljihun riga. Bai ci abinci ba ranar. Da gari ya waye ya sa matata ta kira masa ƙanena a waya ya zo ya ɗauke shi, ana saura kaɗan a yi aikin. Da ƙanena ya iso na durƙusa ina roƙon Baffa ya tsaya a gama. Ya juya wajen ƙanena, ina gabansa, ya ce a gaya wa mai gidan nan ba komai, an gode da ɗawainiya, shanu ne ke nemansa.

Na nemo samarin, suka ce karen ya ƙi cin komai, daga baya ya kuɓuce musu, ba wanda ya sake ganinsa. Bai koma ruga ba. Na kai maganar wurin wani malami ina neman abin da zan jingina da shi, ya ce addini bai hana riƙe karen kiwo ko na gadi ba, amma ya hana azabtar da dabba da yunwa, ya kuma tambaye ni a wane littafi na karanta cewa a yi wa uba ƙarya.

Yanzu idanun Baffa sun rufe baki ɗaya. Na aika kawunnai da dattawan ruga su lallashe shi ya dawo asibiti, amsar guda ce, ba komai, ya gode. Nakan je duba shi, kuma ba a taɓa ɓata mini rai ba. Sai dai duk zuwan da na yi sai ya sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma a yanka mini kaza. A rugarmu ɗan gida fura da nono ake miƙa masa a ƙwaryar da kowa ke sha, baƙo ake yanka wa kaza. Igiyar nan kuma an ɗaura ta daga ƙofar bukkarsa zuwa turken da yake alwala, ita yake bi da hannu.

Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, kuma na san ba ya ƙarya, amma ban ga alamar zan sake zama ɗan gida kafin ɗayanmu ya bar duniya ba. Abin da na gane a makare shi ne ba don addini na kafa dokar nan ba, kuma ba don kaji ba, kunyar asalina nake ji. Ina jan kunnen duk wanda Allah ya ba gida a birni, in tsohonka ya zo maka da abin da yake jingina da shi, ko kare ne ko akuya, ka nema masa wuri ka bar maƙwabta su yi dariyarsu. Kada kuma ka ga ya yi shiru ka ce ya yarda. Ku sa ni a addu'a, ko Allah zai sa wata rana in je a miƙo mini ƙwaryar nan.