Madubin Baba a Bakin Rijiyar Kaka

A daminar shekarar da na shiga aji huɗu, wata Asabar da hantsi, Baba ya ɗaure akwatinsa na ofis a bayan babur, ya ɗora ni a gaba, muka bar Gwandu zuwa Kalgo. Baba duba-gari ne, aikinsa leƙa randunan mutane da kwatocinsu, shi ya sa ba kowa ke murnar jin sallamarsa ba. Akwatin kuwa tun na zamanin Turawa ne, katakonsa ya yi baƙi don shan hannu. A ciki akwai siraran kwalabe biyu, da faifai mai ƙananan gilasai masu launi, daga fari har zuwa ja, da 'yar kafa da ake ɗora ido a kai. Ana zuba ruwa a kwalba, a ɗiga magani, a yi ta juya faifan har launin gilashi ya zo daidai da na ruwan. Gwargwadon jan ruwan, gwargwadon ƙazantar da ta shige shi. Mu yara madubin Baba muke ce masa, kuma taɓa shi neman bulala ne.

Abin da ya kai mu Kalgo shi ne ƙanwata Hadiza, wadda aka kai yaye gidan Kaka, mahaifiyar Baba. Tun da aka kai ta take gudawa, har wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce kewar nono ce, aka jiƙa sassaƙe iri-iri, shiru. Ba wanda ya kawo rijiya a ransa, domin rijiyar Kaka abin alfahari ce. Marigayi kakanmu ya gina ta a gindin lemun tsami, ruwanta garai-garai, ga sanyi, har amaren unguwa kan aiko a ɗebar musu. A bakinta muke wuni idan mun je hutu, mu ja guga, mu shayar da awaki, mu yi 'yar carafke har a kira mu tsigar ganyen zogale. Sai dai a shekarar maƙwabta sun haƙa sabon masai a bayan katanga, Baba kuma ya san da haka.

Ya ja ruwa ya zuba, ya ɗiga magani. Muna kallo ruwan ya fara yin ja-ja. Kaka ba ta kiran sunan Baba, don ɗan fari ne, sai ta kira shi da aikinsa. "Duba-gari, kai kaz zuba mishi jan ga da hannunka. Rijiyag ga ubanka yag gina ta, kai ma ita kash sha kag girma." Baba ya ce, "Inna, ki sa a kawo ruwan da kika so." Ta aika aka ɗebo na famfon bakin kasuwa, wanda kullum take cewa ƙarfe yake wari. Ta karɓi maganin ta ɗiga da kanta. Ruwan ya tsaya fari tas. Ta ɗora idonta a kafar nan ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta dubi Hadiza da ke kwance a tabarma.

Sai ta miƙe tsaye. Ta jawo wani tsohon kwanon rufi ta kifa a bakin rijiyar, ta sa aka danne da dutse, ta rataye gugar a reshen lemun. Daga ranar ruwan famfo take dafa wa Hadiza, tana yi tana mita. Kafin lokacin girbi ya zo, yarinya ta miƙe tana bin awaki da gudu.

Yanzu Hadiza na da 'ya'yanta, ruwan leda suke sha, ba mai tambayar daga ina ya fito. Akwatin yana ɗakina tun rasuwar Baba, gilasan sun koɗe, maganin ya bushe a kwalbarsa. Kaka ta rasu ba ta taɓa cewa madubin ya yi gaskiya ba, amma ba ta sake jefa guga a rijiyar ba. Ni kuwa har yau ban sha ruwa mai daɗin wanda ya kusa raba mu da Hadiza ba.