Dabinon bakin rijiya

Har yau ba na son ƙarar almakashi. Ko wurin tela na je, da na ji ƙas-ƙas sai in tarar na cusa hannuna na dama cikin mayafi ban sani ba. Kada ka yi mini dariya tukuna, bari ka ji mafari.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Mai'adua daga Daura. Kakana yana da lambu a fadama mai dabino goma sha, kuma shinge kaɗai ya raba shi da lambun wani tsoho maƙwabcinmu, mutum mai ɗaurarriyar fuska da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Tsohon yana da wata dabinuwa da aka ce mahaifinsa ya ɗauko tana ƙarama daga Nijar a bayan raƙumi. 'Ya'yanta manya ne, masu laushi, da bazara ƙamshinsu har cikin lambunmu yake shigowa. Ba ya sayarwa, ba ya kyauta.

Ina shekara bakwai kwaɗayi ya ci ƙarfina. Wata zangarniya ta leƙo ta saman shinge, na sami dogon kara na kaɗo cikin tafi guda, na laɓe bayan rijiya na cinye. Don kada a ga shaida, sai na tona laka inda ruwan guga ke zuba na binne ƙwallayen. Wayo ke nan a wurina. Da damina ta faɗi, sai ga tsiro guda ya fito. Kakana ya kewaye shi da ƙaya, ya ce kyautar Allah ce.

A shekarun nan ne aka kawo shari'a jiharmu. Rediyo ba ta da wata magana, mata a bakin rijiya ma haka, kuma abu guda kunnena ya riƙe: ɓarawo hannu ake yanke masa. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce akwai sharuɗɗa, ko ya ce ba a yi wa yaro. Ni dai na san na yi sata, kuma satar tawa ta yi ganye tana girma a gaban kowa.

Ina shekara goma sha ɗaya wasu baƙi suka zo daga jami'a, cikinsu har da wata malama mai tabarau. Suna bin lambuna suna yankar ganyen kowane dabino da almakashi, su sa a 'yar takarda su rubuta lamba. Kakana ya tambayi amfanin abin. Malamar ta ce, “Baba, a cikin ganyen nan akwai alamomin halitta da kowace bishiya ta gada. Idan muka duba a ɗakin bincike, za mu san iri nawa ne a ƙasar nan, mu san wacce ce 'yar uwar wacce.”

“Har uwar bishiya kuna iya ganewa?”

“Sau da yawa, Baba.”

Ina tsaye ta durƙusa gaban ƙaramin dabinon bakin rijiya, ƙas, ta datse kan ganye. Daga nan suka tsallaka shinge zuwa lambun tsohon.

Watannin da suka biyo baya ban san daɗin tuwo ba. Mota ta tsaya a bakin hanya, sai in ruga bayan rumbu. Na fara koyon cin abinci da hagu a ɓoye, wai don in saba, har mahaifiyata ta kama ni ta make mini hannu. Na gwada tumɓuke dabinon, ƙayarsa ta yayyage mini yatsu, saiwarsa ko motsi. Idan na haɗu da tsohon a hanya, sai in kauce in wuce ko gaisuwa babu.

Bayan girbi takarda ta zo. Kakana ya kira malamin firamare ya karanta masa a zaure, ni kuma ina bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Malamin ya ce dabinon lambunmu duk dangin juna ne, ban da ƙaramin bakin rijiya. Shi jininsa na tsallaken shinge ne, ga dukkan alamu ɗan babbar dabinuwar nan ta maƙwabci ne. Na ji furar tana zuba a ƙafata.

“To, tsuntsu ne ya yar da ƙwallon,” in ji kakana. Da malamin ya fita sai ya dube ni, ba wasan jika ko kaɗan a fuskarsa. “Uwargida, ba mai taɓa hannun tsuntsu. Amma ya je ya nemi gafara tun mai itace yana da rai.”

Ban je ba. Kullum sai in ce gobe. Sau biyu ina kaiwa ƙofar gidansa, in ji tarinsa daga zaure, ƙafafuna su juyo da ni. Kafin dabino ya sake nuna, tsohon ya rasu.

Yanzu an ce tun tsiro yana ƙarami ana iya duba ganyensa a gane namiji ne ko mace, ba sai an jira shekaru ba. Nawa dai mace ya zama. Babbar ta maƙwabci ta daɗe da faɗuwa, magada sun yanka lambun filaye, saura 'yarta a bakin rijiyarmu. Duk bazara nakan sa a sare zangarniyar farko a kai wa jikokinsa, su yi ta godiya, suna cewa ban manta maƙwabtaka ba. Yarana sun ce duk Daura ba dabino mai zaƙinsa. Na yarda da su, don ni tun na bayan rijiya ban ƙara sa ko ɗaya a bakina ba.